Darduma a Bango

Ni ne na yi kuskure. Na faɗa tun farko don kada wani ya karanta rabi ya ɗauka zan wanke kaina a ƙarshe. Ba zan wanke ba. Yayana ya bugo waya daga Kano ya ce in rufa wa kaina asiri, abin da ya wuce ya wuce. Wasu 'yan'uwanmu na nan Kuala Lumpur sun ce na cika zaƙewa, ai ba wanda ya tambaye ni. To, rashin tambayar ne ya sa na kwashe watanni ina kwana lafiya a kan ƙarya. Wanda bai son ji, ya wuce abinsa.

Sunana Nasiru, amma a unguwarmu ta Pantai Dalam Mai Turare ake ce min. Sakandare na gama, ban ƙara ba. Matata Sa'adatu ce aka turo karatun digiri na uku, ni kuma na biyo ta da 'yarmu Nana. A benen da muke haya, duk Bahaushen da ka gani ko dakta ne ko yana hanyar zama. Abin da nake da shi wanda ba su da shi, hanci ne. Ina haɗa turaren wuta da humra a kicin ɗinmu, matansu suna saya. Ka miƙo min sandal idona a rufe, in gaya maka ko an jiƙa shi da mai ko asalinsa ne. Da wannan hancin nake ɗaga kai a cikin masu digiri.

Amma labarin ba daga nan ya fara ba. Ya fara ne a Fagge, a ɗakin kakata Delu.

Idan damina ta kankama, ruwa ya hana mu wasan dandali, sai Kaka Delu ta shigo da garwashi cikin wani tsohon kasko ta ajiye a tsakiyar ɗakinta. Mu jikoki mu kewaye, kowa da ɗanyar masararsa yana jiran layi. Ɗakin na ƙasa ne, bangonsa yana tsattsafo da damshi, yana wani wari mai daɗi da har yau ban iya haɗa irinsa a kwalba ba. Kaka ba mace ce mai lallashi ba. In ka ƙona masararka, kai za ka ci abarka. In ka yi gyangyaɗi a tsakiyar labari, ta ɗora maka maficin kaba a ka. Amma in ta fara magana, ko kwaɗin waje ji kake kamar sun sassauta.

Tatsuniyoyinta na kura da zomo duk mun haddace su. Sai dai akwai guda ɗaya da take ajiyewa sai ranar da wani a gidan ya yi taurin kai. Ita wannan ba ta buɗe ta yadda aka saba. Sai ta gyara zama ta ce, “Wannan ta aro ce, ba tamu ba. Mai ita ta mutu ban mayar ba.”

Mai itan wata Bayahudiya ce, Masa'uda, matar wani ɗan Tarabulus mai sayen fata da gyaɗa da ya taɓa haya kusa da gidan su Kaka tun tana yarinya. Daga faɗuwar ranar Juma'a har zuwa daren Asabar mutanen nan ba sa hura wuta, addininsu ya hana. Ba ta kuma da izinin ta ce wa wani kai tsaye ya hura mata. Sai dai ta tsaya a bakin katanga ta ce da ƙarfi, kamar da iska take magana, “Kai, yau ɗakin nan da sanyi yake!” Kaka ta gane, ta ɗebi garwashi a murfin tukunya ta tsallaka. Tukuicinta burodi mai laushi da labari, cikin Hausar Masa'uda wadda rabinta Larabci ne.

Ranar da na fara jin labarin, Kawu Sule, ƙanen mahaifiyarmu, ya leƙo yana karkaɗe ruwa daga hula.

“Iya, labarin Yahudu kike ba yara?”

“Shi nake ba su.”

“Ki ji tsoron Allah, Iya.”

“Tsoronsa nake ji, shi ya sa ba na ɓoye inda na samo abu. Matar nan ta ba ni burodi ina jin yunwa, ta ba ni magana ina da wauta. Kai me ka ba ni, ban da wankin wandonka? In za ka zauna, zauna. In ba za ka zauna ba, rufe min ƙofa, kana kashe min wuta.”

Kawu ya zauna. Har masara ya ci.

Ta ce a garin su Masa'uda na can da, wani ciwo yakan kama bangon gida. Tabo ne kore-kore, wani lokaci ja-ja, yana cin dutse a hankali. Dokarsu ta ce duk wanda ya gan shi a ɗakinsa, shi da kansa zai taka ya je wurin malaminsu ya ce, “Na ga wani abu kamar ciwo a bangon gidana.” Daga nan sai a fito da kayansa duka waje, malamin ya duba, a kulle gidan mako guda. In tabon ya yaɗu, a ciccire duwatsun da ya kama a zubar bayan gari, a sa sababbi, a yi yaɓe, mutum ya koma ɗakinsa.

To, akwai wani attajiri da ya wayi gari ya ga tabon a ɗakin baƙinsa, bai fi tafin hannu ba. Ya tsaya ya tuna yadda za a baje kayansa a titi, kowa ya ga tabarmarsa ta ciki duk ta yage, ya ga tulunan da yake cika baki da su rabinsu wayam. Sai ya je kasuwa ya sayo darduma ya rataya a wurin.

Matarsa ta ce, “Ɗakin nan yana wari.”

Ya ce, “Miyarki ce.”

Tabo ya leƙo ta gefen darduma. Ya sayo wadda ta fi ta girma. Ya sake leƙowa, ya sake sayowa. Har baƙi suka fara yaba masa, suna cewa duk garin ba mai iya ado kamarsa. Shi ma ya fara yarda.

Bangon nan kuwa na tarayya ne. A ɗaya gefen wata masaƙiya ce take zaune da 'ya'yanta. Ranar da tabon ya ɓullo ta wajenta, ko mayafi ba ta gyara ba ta tafi wurin malam ta faɗa. Aka fito da kayanta, tukunya da tabarma da masaƙa. Mutane suka taru suna nuna ta, suna cewa ƙazanta ce. Attajiri ya fito cikin babbar riga ya tsaya kusa da ita, ya ce, “Ki yi haƙuri, baiwar Allah. Haka duniya take.”

Mako ya cika, magina suka zo suka fara zare duwatsu ta gefenta. Suka zare na farko, suka zare na biyu. Da suka zare na tsakiya, rami ya buɗe, sai ga bayan darduma, baƙi ƙirin, ya ruɓe yana ɗiga. Duk titin suna kallo. Daga can ciki kuwa muryar attajiri ake ji yana ce wa baƙinsa, “Ni kam alhamdu, bangona ƙalau.”

Nan Kaka take tsayawa. Mu ce, “Sai aka yi masa me?”

Ta ce, “Yana can har yanzu yana cinikin darduma.”

Ni a lokacin dariya nake, ina ganin ba a taɓa yin wawa kamarsa ba. Na ce, “Kaka, shi makaho ne?”

Ta ɗaga maficin ta nuna ni da shi. “Makaho? Wa ya gaya masa girman dardumar da zai saya? Masa'uda ta ce kullum da asuba sai ya ɗaga ya auna. Duk garin ba wanda ya san tabon nan kamarsa. Kuma ka lura, ba a ce ya je ya rantse ciwo ne ba. Cewa aka yi ya ce, kamar ciwo. Hukunci na malam ne. Shi nasa kawai ya faɗi abin da ya gani.” Sai ta tura toka ta rufe garwashin. “Wuta ta kwanta. Kowa ya je ya duba bangonsa.”

Na girma da labarin nan a bakina. Na ba Sa'adatu shi tun muna sabon aure, ina kwaikwayon muryar Kaka, tana dariya har da hawaye. Na sha ba wasu shi don in nuna musu taurin kansu. Ban taɓa kawo wa raina cewa ni aka ajiye wa shi ba.

A shekara ta biyu ta korona, lokacin da aka sake kulle gari gaba ɗaya, na tashi wata safiya da ɗan zazzaɓi da kasala. Na sha magani ya sauka. Kashegari na ɗora sandal a garwashi, hayaƙi ya tashi, ban ji komai ba. Na ce Balaraben da nake saye a wurinsa a Bukit Bintang ya cuce ni, ya sayar min da itacen banza. Na buɗe miski, babu. Na buɗe hawi, babu. Na ce mura ce.

Lokacin duriyan ne. Wanda ya zauna a ƙasar nan ya san ba a ɓoye wannan ɗan itace saboda ƙarfin warinsa. Dattijon da ke ɗakin da ke kallon namu ya fasa guda a bakin ƙofarsa, Nana ta ruga ɗaki tana toshe hanci tana ihu da yaren Malay. Ni ina zaune kamar an fasa kankana. Sa'adatu ta dube ni ta ɗan jima.

Da yamma ta leƙo daga kicin. “Abban Nana, ba ka ji ƙaurin shinkafa ba?”

Na ce, “Tun ɗazu nake ji, na yi shiru ne in ga gudun ruwanki.”

Ta ce, “Ban ɗora komai ba.”

Maimakon in ji kunya sai na hau faɗa. Na ce don tana karatun dakta ba ita ce likita ba. Na ce cutar nan ta masu sanyin jini ce, mu da muka sha zazzaɓin sauro tun muna goye ba ta kama mu. Na ce in na je gwaji za su ɗaura min abin hannun nan mai ruwan hoda da ake sa wa wanda aka killace, duk benen su gani, su ce baƙaƙen fata ne suka kawo, kuma babu matar da za ta sake sayen turaren mutumin da hancinsa ya mutu.

“To ka zauna a gida, don girman Allah,” in ji ta. “Ni da Nana za mu koma ɗaki ɗaya. Abincinka zan ajiye maka a ƙofa. Boleh?”

Na ce boleh, wato na yarda da yaren Malay. Kullum da asuba kuwa, kafin su tashi, sai in shiga kicin in buɗe kwalabe ɗaya bayan ɗaya ina shinshinawa.

A hawan da ke ƙasa da namu abokina Auwal yake, shi ma ɗalibi ne. Mahaifiyarsa, Inna, ta zo yi wa matarsa zaman jego, aka rufe iyaka, ta maƙale fiye da shekara. Tsohuwa ce mai barkwanci. Ba ta son abincin mamak na Indiyawan garin, ba ta son lif, ta ce garin nan ko'ina warin ruwa yake. Turarena ne kaɗai yake mayar da ita gida. Takan ce, “Duk daktocin nan, kai kaɗai ne mai sana'a, ɗan nan.”

Ta aiko cewa turarenta ya ƙare. Abin da kowa yake yi a lokacin, ka rataya leda a ƙarfen ƙofa ka ƙwanƙwasa ka tafi. Haka ya kamata in yi, ko ma in ce ba ni da lafiya. Amma na yi sabon haɗi da ka, ban san abin da na haɗa ba, kuma ina son wani hanci ya gaya min. Wannan shi ne gaskiyar abin da ya kai ni. Ba don ban sani ba na je. Don na sani ne.

Na jira Sa'adatu ta shiga ganawa da malaminta ta kwamfuta, na sauka. Auwal ya tafi kedai, wato kanti, sayen kayan miya, matarsa tana ciki tana barci da yaro. Inna ta buɗe min tana waige-waige.

“Shigo da sauri. Kada ka gaya wa Auwalu, yanzu sai ya yi min lacca da Turanci.”

Tagogi a rufe suke. Na sa gawayi a kasko, ya ƙi kamawa. Na sauke takunkumi na sunkuya na hura da bakina, na sake hurawa, ita tana zaune gab da ni tana riƙe da kaskon. Hayaƙi ya tashi, ta ja shi har cikin ƙirjinta, ta lumshe ido.

“Miskin ya ɗan yi yawa,” ta ce. “Yau hancin naka ya tafi unguwa ne?”

Na yi dariya na ce, “Gwada ki nake, Inna.”

Ba a yi mako ba ta kwanta. Auwal bai tsaya shawara da kowa ba. Ranar da ta fara tari ya kira ma'aikatan lafiya, aka gwada su, aka tafi da ita asibiti, aka ɗaura masa abin hannun shi da matarsa. Maƙwabta suka daina shiga lif in sun gan su daga nesa. Inna ta daɗe a kan iskar oksijin, ba mai ganinta sai ta waya.

Wani dare ya kira ni yana kuka, babban mutum mai gemu.

“Malam Nasiru, ni ne na kawo mata. Ni kaɗai nake fita a gidan nan. Na ɗauko tsohuwa daga ɗakinta lafiya lau na kawo ta ƙasar mutane in kashe ta.”

Ni kuma na ce, “Haba Auwal, ka yi haƙuri. Ƙaddara ce.”

Da bakina na faɗa. Har na ji daɗin yadda muryata ta fita da taushi.

Inna ta rayu, Allah ya yi da sauran kwana. Amma ta dawo rabin mutum. Daga gado zuwa bayi sai ta huta a hanya. Likita ya ce hayaƙi kowane iri ne kada ya kusance ta, har abada. Ita ba ta faɗa wa kowa na shiga ba, don tana ganin laifinta ne da ta buɗe ƙofa, kuma ba ta san komai game da hancina ba. Auwal ya rame, ya ajiye karatu, ya daina ɗaga ido in ana gaisawa. Ni hancina ya dawo a hankali, na ci gaba da sana'ata. In abin ya taso min sai in ce, wa ya tabbatar? Ba a gwada ni ba. Wataƙila daga kedai ɗin ne. Wataƙila daga lif.

Sa'adatu ta gane ne ranar da ta kai musu abinci ta hango kaskona a kan tagar Inna. Ba ta yi min faɗa ba. Na dawo daga kai saƙo, sai na tarar ta ciro babbar dardumar falo ta rataye ta a bango, ta kama ta da ƙusoshin labule.

Na ce, “Wannan fa?”

Ta ce, “Ado.”

“Maman Nana, ki sauke abin nan.”

“Ni ma na yi shiru ranar da ya kamata in yi magana, ina da nawa kason. Amma ba ni na auna ba. Wanda ya auna shi zai sauke.”

Na rantse ba zan taɓa ta ba. Na yi kwanaki ina cin abinci a gabanta, ina kallon labarai a gefenta, ina juya mata baya in zan yi salla. Nana ta tambaya me ya sa kafet ɗinmu ya hau bango, na ce sabon yayi ne. A ƙarƙashin dardumar babu komai sai farin fenti, na sani, amma wallahi sau biyu ina ɗagawa in leƙa.

A kwanakin nan ne na fahimci abin da Kaka take nufi, bayan ta daɗe a ƙasa. Da ina ɗauka mai musun gaskiya wanda bai gan ta ba ne, in an nuna masa zai yarda. Ashe shi ya riga kowa gani. Kuma na gane dalilin da ya sa mutanen Masa'uda suka sauƙaƙa maganar, suka ce ka ce kamar ciwo. Sun san halin ɗan Adam. Sun san in aka bar masa ƙofar “ban tabbata ba”, ta nan zai fice. Sai suka toshe ta. Har yau ba ni da takardar da ta ce ni na sa wa Inna. Ba na bukatarta. Masu cewa in yi shiru tunda ba hujja, su ne dillalan darduma, kuma na daina ciniki da su. Masu cewa me ya haɗa Musulmi da labarin Bayahudiya, amsar da Kaka ta ba Kawu Sule ta ishe su. A wurinta aka samo, ba zan ɓoye ba.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar na hau kujera na zare ƙusoshin. Dardumar ta faɗo min a ka. Sa'adatu tana bakin kicin, ta miƙo min takunkumi.

Na sauka ta matakala. Na ƙwanƙwasa, na ja baya na tsaya a waje. Auwal ya buɗe ƙofar katako ya bar ta ƙarfen. Ta bayansa ina hango Inna a kujera, an jingina ta da matasai.

“A'a, Mai Turare. Shigo mana.”

“Ba zan shigo ba. Inna, kina jina?”

“Ina jinka, ɗan nan. Ka yi tsaye kamar mai karɓar haraji.”

Na ce, “Auwal, ba kai ba ne kaɗai mai shiga gidan nan. Ranar da ka tafi kedai, kafin Inna ta kwanta, na shigo. Kada ka ga laifinta, ba ta san komai ba. Ni na sani. Na yi zazzaɓi, hancina ya mutu, ko duriyan ba na ji. Matata ta roƙe ni in zauna a gida, na ƙi. Na ga wani abu kamar ciwon nan a jikina, ban faɗa wa kowa ba, na zo na cire takunkumi na hura wuta a fuskar mahaifiyarka don kawai in ji ko turarena ya yi. Sannan ka kira ni kana kuka, na bar ka da kayan da nawa ne, na ce maka ƙaddara ce. Ka sauke shi yau, ba naka ba ne. Inna, numfashinki da turarenki ni na raba ki da su, kuma ba ni da abin da zan mayar. Ban zo don ku ce ba komai ba, akwai komai. Na cuce ku. Ku yafe min in za ku iya.”